A yi wa mutanenmu bayani kan na'urar masu tallan filta

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ina neman ɗan fili in ja hankalin 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda akan masu tallan filta ɗin nan da suke bi gida gida wai suna gwada ruwa kyauta. Duk wanda ke Shari' Mansur ko Misfala ko Karantina ta Jidda in bai gansu ba to ya ji labarinsu a bakin iyali.

Kofin gilashi biyu suke ajiyewa, ɗaya ruwan famfon gidan ko na hazzan, wato tankin ajiye ruwa, ɗaya kuma wanda suka zo dashi daga filtarsu, sai su tsoma wata na'ura mai sanduna huɗu, biyu a kowane kofi, su jona a soket. Kafin kace me ruwan gidan ya fara kumfa ya koma kore kore, can kuma ya juye launin tsatsa har da wani yauƙi na yawo a sama, kofin ma ya ɗau zafi, nasu kuwa yana nan garau. Sai mandubin, wato mai tallan, ya girgiza kai yace Hajiya wannan kuke ba yara? Ita kuwa baiwar Allah hankali ya tashi, kafin maigida ya dawo daga aiki an gama ciniki.

To ni aikin wayarin nake ci da shi, kuma wallahi wannan dattin daga jikin sandar yake fita. Sandunan ƙarfe ne da alminiyam, in wuta ta ratsa ruwan ƙarfen ke cinyewa ya bada koren nan da jan, alminiyam ya bada farin yauƙin. Abin tambaya kawai shine me yasa wuta ta ratsa wannan kofi bata ratsa wancan ba, amsar kuma gishiri ce. Tsantsar ruwa wanda aka cire masa komai kusan baya ɗaukar wuta sam. Gishiri in ya narke rabewa yake gida biyu, sodiyam mai caji fozitif da kuloraid mai caji negetif, sune 'yan dakon da ke ɗaukar wutar daga wannan sanda zuwa waccan, in sun yi yawa wuta ta wuce da yawa, in babu su ta tsaya. Kuma ba gishirin miya kaɗai ba, kalsiyam da maganiziyam da ke cikin ruwan rijiya, kai ko kanwa ka jiƙa haka zata yi. Wani masani ɗan Suwidin mai suna Arrhenius ya yi bayanin wannan tun 1884 har aka bashi kyautar Nobel a 1903, kaga ba sabon ilimi bane, mu ne dai ba a gaya mana ba. Filtarsu ta tsane gishirin kusan duka shi yasa kofinsu ke zama fes. Wanda yake musu ya barbaɗa gishiri ɗan kaɗan a ruwan filtar a sake jonawa, yanzun nan zai yi jawur kamar ɗan uwansa. Kuma duk ruwan da ke da ma'adinai haka zai yi, har ruwan Zamzam da kowa ya san yana da ma'adinai sosai, to shi ma datti za a ce masa? Subhanallah.

Sai ɗaya abin da suke fitarwa daga aljihu, 'yar mita kamar biro da ake ce wa TDS, su tsoma lamba ta fito. Ita wannan ba ƙarya take ba, amma a san me take aunawa. Ƙarfin wucewar wuta a ruwan take aunawa, sai ta lissafa ta baka kiyasin gishirin da ya narke, miligiram nawa a lita. Shi yasa in ka zuba suga cokali guda lambar da ƙyar zata motsa, don suga narkewa yake amma baya rabewa ya bada caji, gishiri kuwa ɗan mintsili ya isa ta yi tsalle. Zafi ma yana tasiri, duk ƙarin digiri ɗaya wutar na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100, to ka ɗauki ruwan tankin saman bene da azahar a watan Yuli, in mitar bata iya gyara wa kanta lissafin zafi ba ai dole lamba ta hau. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi ƙasa da 600 ɗanɗanon ruwa mai kyau ne, sai ya haura 1000 yake fara gundura a baki. Amma za a nuna maka 150 ko 200 ana zaro ido kamar an ga guba.

Mu nan fa yawancin ruwanmu na tahliya ne, wato ruwan teku da aka cire wa gishiri, daga Bahar Maliya ake tacewa a Shu'aiba a turo Makka da Jidda da Ɗa'if. Tekun nan gishirinsa ya kai wajen giram 40 a lita, ya ɗara na sauran manyan tekuna da ke wajen 35, kuma ruwan teku yana ɗaukar wuta kusan sau miliyan fiye da tsantsar ruwa. Su injiniyoyin wajen ma da wannan awon suke gane ko tacewa na tafiya daidai, in lamba ta fara hawa sun san gishiri na zurarewa ta wani wajen. Bayan an tace kuma da gangan ake mayar da ɗan kalsiyam, don ruwan da ba komai a cikinsa cin bututu yake kuma salam yake a baki.

Ni ban ce kar a sayi filta ba fa, mai hali ya saya, musamman wanda wayit, wato tankar ruwa, ke kawo masa ruwan da bai san daga wace rijiya aka ɗebo ba yana jin gishiri gishiri a shayi. Abin da ke damuna shine mitar nan bata ganin ƙwayar cuta ko ɗaya. Ruwa zai iya nuna 30 alhali hazzan ɗin ƙasa ya shekara ba a wanke ba, murfi a fashe, kyankyasai na shiga suna fita, ga bututun bayi ta gefensa. Kuɗin da za a ba mandubi a fara kiran masu wankin tanki dasu tukun, wanda kuma yake kokwanton ruwansa ya ɗiba a gora mai tsabta ya kai dakin gwaji a duba masa da gaske.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatu daga Shari' Mansur, Makka