Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jiragen yaƙi da tankoki, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, manya da ƙanana, na cikin gari da na nesa. Da fatan kowa yana lahiya, ya iyali, ya sanyi. Ranka ya daɗe shugaba ya umurce ni in rubuto rahoton shekara kamar yadda munka saba, in tura ma kowa tun kafin zaman ƙarshen wata, saboda wanda bai samu zuwa ba shi ma ya san inda anka kwana. A yi haƙuri da tsawonshi, bana aikin ya yi yawa Alhamdulillah.

Mun shigo shekarar mu 14, yau mu 23 ne a rajista. Cikin waɗanda sunka shigo akwai ɗalibai huɗu, da tela ɗaya, da wani bawan Allah mai fentin mota wanda zuwanshi ya yi muna rana ƙwarai, zan zo kanshi. Akwai kuma ƙannenmu 'yan sakandare uku da iyayensu sunka kawo da kansu. Zama bai canza ba, Asabar ta biyu da ta ƙarshe a kowane wata bayan la'asar a zauren shugaba, sai dai cikin azumi da munka ɗaga gaba ɗaya. Membobinmu na Argungu da Jega sun yi ƙoƙari wajen zuwa, na Zuru da Yauri kuwa hanya ta yi nisa ga kuma halin da ake ciki, mafi yawan lokaci hoton aikinsu suke turowa ta WhatsApp ana dubawa ana ba su gyara. Allah ya kawo muna zaman lahiya a jiharmu da maƙwabtanmu na Zamfara da Sakkwato, amin.

Babban abin da nake so kowa ya riƙe daga wagga shekara shi ne shawarar da munka yanke tun zaman farko. Duk mun sani shekarun baya kusan kowa tankar Jamus yake haɗawa, wanga Tiger wancan Panther, sai T-34 ta Rasha da Sherman ta Amurka, saboda su ne ake samu cikin sauƙi kuma su ne cike da YouTube. Ba laifi ba ne, Tiger ɗin kamfanin Tamiya na sikelin 1/35, wato kashi ɗaya cikin 35 na girman ta gaske, abu ne mai daɗin haɗi, komai na shiga wurinshi ba gardama. To amma duk wanda ya leƙo zaure ya gani tambaya ɗaya yake yi, wai ku ina ruwanku da yaƙin Turawa? Kuma gaskiya ba mu da amsa mai ƙarfi a lokacin. Shi ya sa anka ce bana aikin haɗin gwiwa na ƙungiya sai abin da ya taɓa ƙasarmu ko ya taɓa kakanninmu, kowa kuma a gida ya haɗa abin da ranshi ke so.

Aiki na farko shi ne jirgin Hurricane na hanyar Takoradi, kuma shi ne ya fi ci muna lokaci. Ga ƙannenmu da ba su nan ranar da anka yi bayani: a Yaƙin Duniya na Biyu, da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 sai tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, to sai sunka koma loda jiragen sama a akwatuna a kawo su Takoradi ta ƙasar Gana, lokacin ana ce mata Gwalkwas, a haɗa su nan, sannan a tuƙo su a biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, a ƙetara Chadi a shiga Sudan ta El Geneina da El Fasher har Khartum, daga nan a bi kogin Nilu zuwa Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma yadda ake yi jirgin Blenheim mai inji biyu shi ke gaba da mai duba hanya a ciki, 'yan Hurricane na biye da shi kamar kaza da 'yan tsaki. Dubban jirage sunka bi wagga hanya kafin yaƙi ya ƙare, ke nan da yawa daga jiragen da sunka yi faɗa a hamadar Masar da Libiya sai da sunka sha mai a Kano tukuna. Ni kaina sai bana na san haka, kuma tun da na sani jirgin ya canza a idona.

Mun yi amfani da kit, wato kwalin guntayen roba da ake haɗawa su zama ƙaramin jirgi ko tanka, na kamfanin Airfix sikelin 1/72. Faɗin fiffiken Hurricane na gaske ya ɗan haura mita 12, to in ka raba da 72 za ka samu kamar santimita 17, tafin hannu da ɗan ƙari. Uku munka haɗa da Blenheim ɗaya. Inda gardama ta tashi shi ne maganar fenti da kuma matatar iska. Jiragen da anka shirya ma hamada ana ɗaura musu wata babbar matata ƙarƙashin hanci, Vokes ake ce mata, don kar yashi ya shiga injin Merlin ya cinye shi, kuma ɗaya daga kit ɗin da munka samu bai zo da ita ba. Wasu sunka ce a bari hakanan wa zai lura, ma'aji ya ce shi zai lura, ya zauna da guntun roba da foti da samfefa kusan sati biyu har ya fitar da ita, wallahi in ba an faɗa maka ba ba ka banbance ta da ta kamfani. Fenti kuma munka bi launin hamada na sojan saman Ingila, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ƙarƙashi. Filin da munka ɗora su a kai katako ne anka shafe da gam ɗin kafinta, anka barbaɗa jar ƙasa da yashin bakin gulbi da anka tankaɗe da rariya har sau uku, saboda a sikelin 1/72 ƙwayar yashi ɗaya in ta yi girma sai ta koma kamar dutse.

Na biyu shi ne jirgin ɗaukar kaya Dakota, wato C-47, shi ma 1/72 amma shi babba ne, fiffike zuwa fiffike santimita 40 ne. Dalilin zaɓenshi ƙasar Bama ce, wato Burma da yanzu ake ce ma Myanmar. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a can, a kwarin Kaladan da yankin Arakan, har anka kama Myohaung a Janairu 1945, kuma dajin ba hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi ta sama Dakota ke jefo musu da lema. Hausa ce harshen bariki a lokacin. Ga wanda ya taɓa mamakin sunayen barikoki irin su Arakan da Myohaung a Legas ko Chindit a Zariya, to daga can sunka samo asali. Membanmu na Zuru shi ya nace a kan wanga aiki, kowa ya san ƙasar Zuru da aikin soja, ya ce kakanshi ya je Bama ya dawo kuma har ya rasu yana ba su labarin jirgin da ke zubo buhuna daga sama. Shi ya yi lemomin da takardar tishu da anka jiƙa da gam mai ruwa, da zaren ɗinki da telanmu ya kawo. Ranar da anka kammala ya ɗauki hoto ya tura ma gwaggonshi, ya ce ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba sannan ta yi ma mahaifinta addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu.

Na uku bai ƙare ba, jirgin yaƙi MiG-17 ne mai tambarin kore fari kore irin waɗanda sunka iso Kano a 1967 lokacin yaƙin basasa, da motar sulke Ferret 1/35. Tambarin ne ya tsayar da mu don kit ɗin bai zo da na Najeriya ba, sai dai a yanka salatif a fesa da hannu, an gwada sau biyu da'irar ba ta fita daidai ba. Za a ci gaba.

Yanzu maganar ƙura da zafi, wadda ita ce ciwon kanmu kowace shekara. Cikin hunturu roba na jawo ƙura kamar maganaɗisu, ka goge ka juya ka ɗauko buroshi ka dawo ka tarar ta sake kwanciya, in kuma ta hau ɗanyen fenti shi ke nan sai kankarewa. Cikin bazara kuma, Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, fentin ruwa irin su Vallejo yana bushewa a bakin bindigar feshi, wanda ya fita ma kafin ya isa jikin jirgi ya bushe a iska sai ya sauka kamar gari, jiki ya yi kaushi. Anan ne mai fentin motarmu ya taimaka, Allah ya saka mishi da alheri. Shi ya ce a daina feshi da rana, a yi bayan asuba ko da dare, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki tukuna, a matso da bindiga kusa a rage iska, kuma da an gama a kife robar ajiye abinci babba a kai har ya bushe. Shi ya haɗa muna kwamfiresa da injin tsohon firij da tukunyar iska, ba ta da ƙara, kuma in an cika tukunyar ko NEPA sun ɗauke ana iya ƙarasa fiffike ɗaya. Amma ya ja kunne, ni ma ina maimaitawa da babbar murya: tinar fentin mota ba ta haɗuwa da robar kit, tana narkar da ita. Mun yi asarar T-34 ɗaya ta wani ƙanenmu a kan haka, yaron har hawaye ya yi, ƙungiya ta saya mishi wata. Haka sufa gulu, kar a kusantar da shi gilashin matuƙi, tururinshi na mayar da gilashi fari fat, farin gam na kafinta shi ne daidai wurin. Sitikar ruwa kuma, wato tambarin da ake tsomawa a ruwa a manna jikin jirgi, kar a ajiye ta inda rana ke bugu ko cikin mota, tana tsattsagewa da an tsoma ta a ruwa, kuma a shafa fanish mai sheƙi kafin a ɗora ta in ba haka ba gefenta zai riƙa ƙyalli kamar azurfa.

Akwai magana ɗaya da ta so ta raba kawuna, gara in faɗe ta a fili. Wasu kit suna zuwa da 'yan mutum-mutumin sojoji da matuƙa, wasu daga cikinmu sunka ce su ba su yarda da ajiye surar abu mai rai ba, wasu sunka ce fili ba mutane bai yi kama da gaske ba. An yi zama biyu a kai, an ɗan ɗaga murya, daga ƙarshe shugaba ya yanke cewa duk aikin da zai fita da sunan ƙungiya jirgi ne da mota da fili kawai, abin da mutum zai yi a ɗakinshi kuma ya tambayi malaminshi. Ni a ganina hukuncin ya yi, don ba wanda ya fita saboda shi, kuma iyayen yara sun fi sakin jiki.

Nuni sau biyu munka yi. Ɗaya a wata makarantar sakandare cikin gari da shugabanta ya gayyace mu, malamin lissafi ya karɓe zancen sikeli ya sa yara suna auna fiffike da rula suna ninkawa da 72 su fitar da girman jirgin gaske, abin ya ƙayatar ƙwarai. Wata malama ta tambaye mu ko ba mu ganin muna sa ma yara son yaƙi a lokacin da jama'a ke kuka da 'yan bindiga. Tambaya ce mai nauyi kuma ba mu raina ta ba, shugaban ƙungiyarmu ya amsa da cewa yaron da ya zauna wata guda yana goge roba da samfefa yana karanta inda kakanshi ya wahala haƙuri yake koyo da tarihi, kuma mun yi alkawari ba mu haɗa bindigar wasa ko wani abu da za a riƙa a hannu a nuna mutum. Na biyu a zauren shugaba ne bayan babbar sallah, dattawan unguwa sunka zo, har da wani tsohon soja da ya tsaya kan Ferret ɗin da ba a gama ba yana nuna muna inda ake ɗaure jarka da inda ƙura ta fi taruwa, mun rubuta duk abin da ya faɗa. Darasin da munka ɗauka wajen ɗaukar kaya kuma, a riƙa tafiya da takardar ƙungiya, kwali a buɗe, in an tsaya a shingen bincike a yi bayani cikin ladabi tun kafin a tambaya.

Ɓangaren kuɗi ma'aji zai karanto dalla-dalla a zama, amma a taƙaice kuɗin wata naira 1,000 ne kuma mutum tara ke da bashi, wasu har na wata biyar. Don Allah 'yan uwa a daure. Tun da naira ta faɗi a 2023 kit ya zama sai an yi da gaske, babu mai sayarwa kusa da mu, sai an yi oda ta intanet ko a roƙi wanda zai dawo daga waje ya riƙo, ga kuɗin webil daga Legas ko Kano. Wani saƙo ma da ya iso tasha an danne kwalin da buhu, fiffiken Spitfire ɗaya ya karye gida biyu, mun ɗinke shi da gam amma tabon na nan. Shi ya sa munka fara oda a haɗe sau biyu a shekara, kuma munka buɗe akwatin rara inda kowa ke zuba guntayen da sunka rage mishi, taya, farfela, sitika, har ƙashin robar da ake ciro kayan a jiki, don in an ɗumama shi a kan kyandir an ja yana zama siririn zare na eriya.

Shekara mai zuwa in Allah ya kai mu za a ƙarasa MiG-17 da Ferret, sannan 'yan Yauri sun kawo shawarar jiragen yaƙi Super Tucano na sojan saman Najeriya tun da suna maƙwabtaka da Kainji inda anka ajiye su bayan isowarsu a 2021, za a duba in kit ɗin zai samu da kuɗin da ba zai karya asusu ba. Ana kuma neman kabad mai gilashi, don yanzu Dakota a kan firij ɗin shugaba yake an lulluɓe shi da ɗankwali, kafinta ya ba da farashi za a karanto. Wanda ya ari matsefata da wuƙar yanka na ƙungiya tun damina ya taho da su ranar Asabar, masu bashi su ga ma'aji kafin a buɗe zama, ƙarfe huɗu da rabi daidai.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya