Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗan majalisarmu, tsohon ciyaman

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Honarabul.

Ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Da maganar ta gida ce, da na bari sai ka zo Sallah mu zauna a zaure kamar yadda muka saba. Amma ta shafi duk mai ɗa a firamare da duk matar da ke zuwa awon ciki a asibitin garin nan, shi ya sa na ga gara in rubuta ta inda kowa zai karanta, kai ma ka amsa inda kowa zai ji.

Na san ka tun kana ƙaramin malami a ƙarƙashina, kana taka keke zuwa makarantar da kowa ke gudun a tura shi saboda rafin da ke cika da damina. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, mai awon hatsi ne a kasuwa, kuma ba ka taɓa jin kunyar faɗin haka a gaban manya ba. Daga aji mutanen gundumarku suka ɗauke ka suka yi ka kansila, daga nan ka zama ciyaman. Duk wanda ya zauna a garin nan a lokacin zai shaida cewa ƙofar ofishinka a buɗe take, tsohuwa mai ƙorafin rumfar kasuwa tana shiga ba wanda ya tare ta. Shekarar da aka yi annobar amai da gudawa a asibiti kake kwana tare da ma'aikata, kuma rijiyoyin burtsatsen da ka haƙa bayan nan har yau wasunsu na ba da ruwa. Da wannan shaidar muka kai ka majalisar dokokin jiha, don kuɗi dai a lokacin ba ka da su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ka sha faɗa mana kana ciyaman. Duk sanda muka zo maka da batun ajin da iska ta yaye, ko maganin da ya ƙare a asibiti, sai ka ce mu yi haƙuri, hannunka a ɗaure yake. Wasu sun ɗauka hanyar sallama ce kawai. Mu da muka san takarda mun san gaskiya kake faɗi. A rabon arzikin ƙasa na wata-wata, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, gwamnatin tarayya 52.68. Sai dai kason ƙaramar hukuma ba ya sauka a baitulmalinta. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a zuba shi a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a can kuma ake fara yanka: albashin malamai, fansho, kason masarauta, kuɗin horas da ma'aikata, uwa-uba abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, waɗanda sau da yawa sai dai ciyaman ya ga ɗan kwangila ya sauke yashi a garinsa bai san wanda ya turo shi ba. Abin da ya rage ya iso sakatariya da ƙyar yake biyan albashi da man janareto. Ka fi ni sanin wannan, don kai ne kake sa hannu a takardun.

To, Honarabul, igiyar da ta ɗaure hannunka a wancan lokacin, a zauren da kake zaune yanzu ake tufka ta. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da ƙananan hukumomi, ya kuma bar wa jiha ta yi dokar da za ta tsara kafa su da kuɗinsu da ayyukansu. Wa ke yin dokar jiha in ba ku ba? Shi kansa sashe na 162 ɗin, a ƙaramin sashe na 8, cewa ya yi majalisar dokokin jiha ce za ta fayyace yadda za a raba kuɗin tsakanin ƙananan hukumomi. Mutane sun saba ɗora wa gwamnoni laifi, kuma nasu laifin ba ƙarami ba ne, amma sau nawa gwamna ya aiko da sunayen kantomomi majalisa ta tantance su ba ko tambaya?

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni-Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta. Kotu ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, gwamna ba shi da ikon riƙewa, ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu, kuma ƙaramar hukumar da kantoma ke riƙe da ita ba za a ba ta kaso ba. An yi murna ƙwarai a gari. Wasunmu kuwa mun tuna 2019, lokacin da NFIU, hukumar tarayya mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, ta fitar da ƙa'idar taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira dubu 500 a rana, gwamnoni suka garzaya kotu, aka yi ta shari'a, a ƙasa ba mu ga canji ba. Wannan karon ma an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Wata uku bayan hukuncin majalisar dokokin Anambra ta yi dokar da ta sa ƙananan hukumomi su riƙa mayar da wani ɓangare na kuɗinsu asusun da jiha ke kula da shi. Ta majalisar jiha aka bi aka rage wa hukuncin ƙarfi a can, ta majalisar jiha kuma za a iya bi a tsayar da shi da ƙafafunsa a nan.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai tsoron da ke ran malamai game da wannan 'yancin, kuma ni ma ina da shi. A 1991 gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta miƙa albashinmu ga ƙananan hukumomi. Waɗanda muka ga wannan zamanin ba mu manta ba. Wata da watanni babu albashi, malami ya bar aji ya tafi gona ko kasuwa don ya ciyar da iyali, yajin aiki na bin yajin aiki, sai da aka dawo da hukumar a 1993. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT take ta nanata cewa kada a bar albashin malaman firamare a hannun ciyamomi, kuma tana da hujja. Ba kowane ciyaman ne irinka ba. Akwai wanda in kuɗin suka faɗo hannunsa gaba ɗaya, gida zai fara ginawa a babban birni. Amma wannan bai zama dalilin a bar wa gidan gwamnati kuɗin duka ba. Doka ce za ta raba gardama. Ta ce albashin malamai da na ma'aikatan lafiya shi ake fara cirewa, a rubuta adadinsa, a bayyana sunayen masu karɓa don a tsame na bogi, sauran kuma ya wuce ƙaramar hukuma ba mai tsakura. Wanda bai taɓa zama a kujerar ciyaman ba, ba zai san kafofin da kuɗin ke zurarewa ba. Kai ka san su ɗaya bayan ɗaya, kuma kai ya kamata ka kawo wannan ƙudurin.

Hanyar da ka biyo ba baƙuwa ba ce a Arewa. Ahmadu Bello hakimin Rabah ne tun 1934, ya yi fama da haraji da jangali da koken talakawa, ya yi aikin En'e a Gusau, sannan ya shiga Majalisar Wakilan Arewa a Kaduna a 1949, ya kuma riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi kafin ya zama Firimiya a 1954. A wannan majalisar ce, a 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da sarakuna da Turawan mulki ke da wuƙa da nama. Malamin makaranta ne kamarka, kuma waɗanda maganarsa ta taɓa sun fi gwamnan yau kwarjini.

Sai batun zaɓe, wanda na san ba zai yi maka daɗi ba, tun da kai ma hukumar zaɓe ta jiha ce ta ba ka takardar shaida. A Oktoban 2024 an yi zaɓen ƙananan hukumomi a Kaduna, APC ta cinye duka 23. Bayan mako guda aka yi a Kano, NNPP ta cinye duka 44. Jam'iyyu biyu da ba sa ga maciji da juna, sakamako iri ɗaya. Ciyaman da aka rubuta sunansa a gidan gwamnati, ko an saka masa kuɗin a asusunsa kai tsaye, zai kai su inda aka ce ya kai. Gwamna ne ke naɗa 'yan hukumar zaɓen, amma sai majalisarku ta amince, ku ne kuma kuke amincewa da kasafinta.

Na ga shinkafar da ka raba da azumi, na ga kekunan ɗinki da babura. Allah ya saka da alheri. Na kuma san yadda ƙofar gidanka take cika tun asuba da masu takardar magani da masu neman kuɗin makaranta. Ka duba su da kyau, yawancin abin da ya kawo su aikin ƙaramar hukuma ne. Kundin tsarin mulki ya lissafa mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, da kwashe shara, da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma ba ta hannu a firamare da kiwon lafiya. Don ta durƙushe ne jama'a suka dawo kanka, kuma albashinka ba zai taɓa ɗaukar su ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kason da ake rabawa ya ƙaru sosai a lissafin naira, amma kwalbatin da ruwa ya cinye a hanyar kasuwa yana nan yadda yake. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisarku ikon bincike da ikon kiran duk wanda kuke so ya zo ya yi bayani. Ku kira kwamishinan ƙananan hukumomi da babban mai binciken kuɗinsu, a karanta rahoto a zaure. Ka sa a cikin dokar cewa kowane wata a liƙa abin da ya shigo da abin da aka cire a allon sakatariya, a kuma karanta shi da Hausa a rediyo.

A gyaran kundin tsarin mulkin da aka kammala a 2023, ƙudurin 'yancin ƙananan hukumomi ya tsallake majalisar tarayya, amma ya kasa samun amincewar majalisun jihohi 24 da ake buƙata. A hannun 'yan majalisar jiha ya mutu. Duk ranar da ya sake zuwa gabanku, ina roƙonka ka nemi a ƙirga ƙuri'a da suna, mu san wanda ya ce eh da wanda ya ce a'a. Na san abin da hakan zai iya jawo maka. Za a iya hana ka tikiti, za a iya janye maka ayyukan mazaɓa, wasu da ke cin abinci a gidanka yau za su daina gaishe ka. Ba na raina wannan ko kaɗan, kuma ba ni ne zan ɗauki nauyin ba. Amma mu da muka zaɓe ka muna nan, kuma mun san dalilin da ya sa muka zaɓe ka.

Idan majalisa ta tafi hutu, ka kira taro a ɗakin taro na sakatariya. Ka gayyaci ciyaman mai ci da kansiloli da malamai da ma'aikatan asibiti da shugabannin kasuwa, ka karanta mana daftarin da ka shirya, mu faɗa maka inda ya yi da inda ke neman gyara kafin ka kai shi gaban Kakaki. In Allah ya kai mu zan zo, tare da tsofaffin malaman da suka ga 1991.

Wassalam.

Naka,
tsohon hedimastanka.