Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'in Najeriya (NUC)

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni sabon malami ne a wata jami'a a nan arewa. Wannan ne zangona na farko, kuma kwas ɗin da aka damƙa mini shi ne GST 111, wanda kowane ɗan aji ɗaya ke ɗauka don ya iya magana da rubutu da Turanci. Sati biyu na yi ina tsara jadawalin darussansa, abin da na gani kuwa shi ya sa na rubuto maka.

Manhajar CCMAS, wato tsarin karatun jami'o'i da hukumarka ta ƙaddamar a Disambar 2022, ta ware wa kwas ɗin nan awa 15 na lacca da awa 45 na gwaji a aikace. Duk wanda ya yi wannan rabo ya san rubutu, domin ba a koyonsa da kunne, sai hannu ya saba da biro. Da murnata na zauna na raba makonni: ginin jimla, sakin layi, taƙaita bayani, wasiƙa, rahoto. Na sa ayyuka goma sha biyu, ɗalibi ya rubuta, in bi da jan biro, ya koma ya gyara.

Sai ga jerin sunaye. Sun haura 600, ni kaɗai, a ɗakin da na baya ba ya jin muryata sai da lasifika. In na ba kowace takarda minti biyar, aiki ɗaya zai ci awa 50. Wani dattijon malami ya duba jadawalin, ya ce, "Malam, rage buri. Jarrabawar ma a kwamfuta za a yi, zaɓin A, B, C ko D ne." Wato yaro zai iya cin kwas ɗin rubutu bai rubuta ko sakin layi ɗaya ba.

Ranar farko na ce kowa ya rubuta layi biyar kan tafiyarsa daga gida zuwa makaranta. Wata ɗaliba ta miƙo layi biyu, duk a karkace, tana sunkuyar da kai. Na ce ta faɗa mini da Hausa. Wallahi sai ga labari tsaf: yadda motarsu ta mutu da magariba, yadda direba ya ɗaure wani bututu da tsumma, yadda suka iso da asuba. Tunanin yana nan, tsarin yana nan. Abin da ta rasa shi ne wanda zai zauna da ita a kan takardarta, kuma tana da kiredit a Turanci a jarrabawar kammala sakandare.

Roƙona, ranka ya daɗe, idan jami'anka sun zo tantance kwasa-kwasai, su tambayi ɗalibai nawa ke gaban malamin GST 111 guda, su ce a fito da takardun da aka duba da hannu su gani. A wajabta cewa wani kaso na maki ya fito daga rubutun ɗalibi na kansa. A kasa aji gida-gida, masu digiri na biyu su taimaka da dubawa, a biya su. Mu sababbi kuma a ba mu horo ko na mako ɗaya ne kafin a tura mu aji.

Ranar Litinin zan miƙa jadawalin ga shugaban sashe. Daga ayyuka goma sha biyu, uku na iya bari a ciki.

Wassalam,
Wani sabon malamin jami'a