Wa zai buga ƙofar maƙwabci in ruwa ya zo cikin dare?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini tun damina ba ta kankama ba. Ni mazaunin Maiduguri ne, ina cikin waɗanda ruwan madatsar Alau ya kora daga gidajensu a daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba, 2024.

Wanda ya tashe ni a daren wani yaro ne mai tura kurar ruwa, da ke kwana a shagon bakin layinmu. Da dutse ya yi ta dukan ƙyauren gidana yana cewa, "Baba ku fito, ruwa!" Ina sauko da ƙafa daga gado na ji ta tsundum har idon sawu. Kafin mu tattara yara ya kai gwiwa. Wayata cike take da caji, amma duk lambar da na kira ba ta shiga. Muka fita da kayan jikinmu da tocila ɗaya. Sai da muka kai tudu, gari ya fara haske, uwargidana ta dafe ƙirji ta ce, "Wa ya fito da Iya?" Tsohuwa ce makauniya a gida na uku da namu, jikan da ke kula da ita ya yi tafiya. Kowa ya zaci wani ya ɗauko ta. Da yake da sauran kwananta, samari biyu suka koma da igiya, suka same ta zaune a kan buhunan gawayi tana jan carbi, suka goyo ta.

Wannan tambaya ta uwargidana har yau ba ta bar ni ba. Madatsar Alau tana kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga gari, kuma ba ranar ta fara yi mana haka ba, an yi a 1994. Wannan karon ruwa ya shafe Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har namun gidan zu ya kwaso ya zuba mana a unguwanni. Akwai dattawa a layinmu da suka san tudun da ruwan 1994 bai taɓa ba. Shekara 30 suna zaune da mu a majalisa, babu wanda ya taɓa tambayarsu. Ba a cika shekara ba kuma sai ga Mokwa a jihar Neja, ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya riski mutane suna barci, sama da 150 suka rasu.

Hukumomi suna yin nasu. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar nazarin ruwa ta NIHSA tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa, hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta ƙasa da SEMA ta jiha, suna zuwa da agaji. To amma hasashe a kan ƙaramar hukuma ko gari yake tsayawa. Babu wata takarda da za ta fito daga Abuja ɗauke da ƙofar gidan Iya. Tsakanin sanarwa da ƙofar gida akwai tafiya, kuma maƙwabta ne kaɗai za su iya yin ta.

Bayan mun dawo mun kwashe laka, sai muka zauna a ƙofar gidan bulama, wato mai unguwa, bayan sallar isha'i. Abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Muka raba unguwa gida goma-goma, kowane goma da mutum ɗaya da mataimakinsa, aikinsu buga ƙofa. Muka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, muka rubuta tsofaffi da makafi da guragu da masu ciki da masu jego, da makarantar allon da almajirai ke kwana a zaure. Kowane suna da sunan wanda zai ɗauke shi a gefe. Muka shafa jan fenti a jikin wata turakar lantarki da ke bakin kwari: in ruwa ya taɓa fentin, ba sai an jira kowa ba. Lasifikar masallaci muka haɗa mata batir da ƙaramin sola, don a daren nan babu wuta, ladan ya kunna ta ko tari ba ta yi ba. Muka rataye tsohon wilin mota a bishiyar dalbejiya, in an ji ana dukansa ba ƙaƙƙautawa, kowa ya san inda zai nufa. Sanarwa kuma da Kanuri da Hausa za a yi ta.

Kuskurenmu na farko shi ne mun yi taro uku babu mace ko ɗaya. Malamar Islamiyya ce ta aiko mana da saƙo cewa da rana tsaka maza suna kasuwa, wa muke tsammanin zai fitar da yara? Gaskiyarta. Yanzu ita da ungozoma da uwar adashi su ke riƙe da lissafin cikin gida, kuma nasu ya fi namu daidai, don sun san wadda ta haihu shekaranjiya.

Akwai zauren WhatsApp, amma ban yarda da shi sosai ba. Na ga yadda saƙon murya ɗaya na ƙarya, wai ruwa ya sake tasowa, ya sa mata suka kwashi yara a guje da tsakar dare. Muka yanke cewa mutum uku kaɗai ke da ikon sanarwa, kuma sai ɗayansu ya je ya ga fentin nan da idonsa.

Kada in yi maka daɗin baki, abin yana tafiya ne da ɗingishi. Da rani ya yi, taron mutum 40 ya koma na mutum bakwai. Wasu da suka ji an ce a rubuta suna, sai suka zo da katin shaida suna tambayar yaushe za a fara rabo. Ban ga laifinsu ba, shekarun gudun hijira sun saba mana da cewa duk inda aka buɗe littafi, buhun shinkafa na biye. Wani kuma ya ce mini ruwa ikon Allah ne. Na ce masa haka ne, yaron da ya buga mini ƙofa ma ikon Allah ne. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa, garin nan ya taɓa tsara kansa unguwa-unguwa a 2013, lokacin da 'yan ƙato da gora suka tashi. Ga 'yan agajin masallatai da na Red Cross da suka iya taimakon farko, ba su taɓa ƙin zuwa koyarwa ba in an gayyace su.

Roƙona gare ku 'yan jarida, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuna cika shafi da hotunanmu bayan ruwa ya ci mu. Ku ba mu ko rabin shafi ne a watan Mayu da Yuni, ku fassara hasashen nan da Hausar da kowa zai gane, ku faɗi sunayen garuruwa. Ku tura wakilinku Haɗeja da Auyo, inda jama'a ke fita gayya da buhunan ƙasa suna ɗaga jinga duk shekara, ya tambayo mana yadda suke raba kwanan gadi a bakin kogi da yadda suke tara kuɗin buhu. Mu a nan har yanzu layi biyu ba su da mai buga ƙofa, kuma batirin lasifikar ya fara rauni.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku, daga Maiduguri, jihar Borno.