Amsa ga Alhajin da ya tambayi inda zai zuba jari a Zariya

Assalamu alaikum, Alhaji.

A taron 'yan kasuwa ka miƙe ka tambaye ni: tunda gwamnati ce ke yin titi da layin dogo, wace kafa ta rage wa mai 'yan miliyoyi a Zariya, in ba sayen fili ba? Ga amsata a rubuce, don kowa ya gani.

Gaskiyarka, manyan ayyukan sun fi ƙarfin aljihunmu. Bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano, da sabon layin dogon Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, da titin Abuja zuwa Kano, duk aikin gwamnati ne da manyan bankuna. Sai dai titi wucewa ake yi da kaya a kansa, ba ya ajiye su. Ajiyar nan ce tamu.

Ka leƙa fadamun Galma da rani. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, kwanduna jere a bakin hanya, rana na dukansu, ruwa na tsiyaya ta ƙasan kwandon. Kafin la'asar manomi ya sallama wa dillali yadda ya taya, ko ya yanka ya shanya cikin ƙura. Wannan asarar na ƙona mini rai, Alhaji, domin ɗakin sanyi mai aiki da sola kusa da babban titi zai rage ta, mai shi ya karɓi kuɗin ajiya kan kowane kwando. Haka masara take a kasuwar Giwa: a karyar da ita da kaka, ta yi tsada da bazara. Sito mai kyau, wanda ƙwari da laima ba sa shiga, ba zai zauna wofi ba.

Ɗakunan ɗalibai a Samaru da Kongo, unguwannin da Jami'ar Ahmadu Bello take, su ma suna ci, muddin akwai rijiyar burtsatse da wuta. Amma ni ajiyar amfanin gona na fi so maka.

Kuɗin mutum ɗaya ba lalle su isa ba. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku rubuta yarjejeniya gaban lauya, ku tantance takardun filin a KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, kafin a sa bulo ko ɗaya. Ku kuma zauna da manoman tukuna, ku ji nawa za su iya biya.

Allah Ya sa albarka a nema. Wassalam.