Wasiƙa daga Tampa, bayan guguwar Milton ta wuce

Tampa, Florida
Lahadi, 13 ga Oktoba, 2024

Aminina Lawan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Hajiya da mai ɗakinka da yara. Na ga kiranka har sau shida ranar Alhamis. Wallahi ba ƙin ɗauka na yi ba. Babu wuta, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ɗan cajin da ya rage a waya kuwa muna tattalinsa kamar ruwan randa a tsakiyar bazara. Muna nan lafiya ƙalau, ni da Maman Hanifa da yaran duka. Sai daren jiya aka dawo mana da wuta, shi ya sa na zauna in ba ka labarin da kyau, don saƙon murya ba zai ɗauke shi ba.

Ka san sati biyu kafin wannan an yi wata guguwar, Helene, ranar 26 ga Satumba. Ita ko ta kanmu ba ta bi ba, can nesa cikin teku ta wuce ta je ta afka wa arewacin jihar, amma duk da haka ruwan da ta turo cikin mashigin Tampa ya kai wajen ƙafa shida zuwa bakwai. A gundumar Pinellas da ke maƙwabtaka da mu mutum 12 suka rasu. A layinmu ruwan ya tsaya a bakin gareji, kamar mai sallama. Har Milton ta taso, katifu da kujeru da firij na mutanen da ruwa ya shigar wa gida suna nan jibge a bakin titi ba a gama kwashewa ba.

Ranar Asabar, 5 ga wata, aka raɗa wa Milton suna, tana can kusa da gaɓar Meziko. Ban damu ba. Litinin ce ta tayar mini da hankali. Da safe na tafi aiki tana da ƙarfi dai, amma kafin la'asar ta kai mataki na 5, wanda babu na sama da shi, iskarta na gudun kusan kilomita 290 a awa guda. Wurin aiki kowa ya ajiye abin da yake yi ya duƙufa a kan waya.

Bari in gaya maka yadda ake bibiyar abin nan, don ni ma sai da na shekara biyu a nan na gane. Akwai cibiyar lura da guguwa ta ƙasa a Miami. Duk awa shida take fitar da cikakken hasashe, ƙarfe 5 da ƙarfe 11 na safe da na dare, in abu ya matso kuma a riƙa ƙara gajeren bayani a tsakani. Har jirage suke turawa su kutsa cikin guguwar su auno ta. Sai su zana taswira mai kama da mazurari, tsukakke a inda guguwar take, yana faɗaɗa zuwa inda ta dosa. Da can na ɗauka wanda yake wajen mazurarin ya tsira. Ashe zanen hanyar da tsakiyarta za ta iya bi kawai yake nunawa, ɓarnarta tana wuce nan da nisa. Kwana uku na koma mai gadin ƙarfe 5 da 11. In idar da sallar asuba, ko addu'a ban gama shafawa ba, hannuna yana kan waya.

Abin da ya sa kowa ke ƙirga kilomita shi ne, guguwar tana juyawa ne ta hagu, saɓanin hannun agogo. In tsakiyarta ta sauka arewa da mashigin, iska za ta tattaro ruwan teku ta cusa shi cikin gari, aka ce zai iya kai ƙafa 10 zuwa 15. In ta sauka kudu, sai ta janye ruwan waje. Tazarar da ba ta kai Maiduguri zuwa Bama ba ita ce tsakanin gidanka ya nutse har rufi da ka tashi ka share ganye a tsakar gida. Kuma babu mai iya ce maka ga inda za ta sauka sai ta iso.

An raba garin yanki-yanki, A, B, C, haka, gwargwadon yadda ruwan teku zai iya kai wa mutum. Mu muna A. Ranar Litinin aka ce A da B da masu gidajen tirela su fita. Magajiyar gari, Jane Castor, ta fito a talabijin ta ce wanda ya zaɓi zama a yankunan da aka ce a bari, mutuwa zai yi. Haka ta faɗa, babu kwana-kwana.

Za ka ce to me ya rage, ai sai a ɗaure kaya. Ni ma da daga nesa nake ji haka zan ce. Amma Lawan, sai da muka kwana muna gardama. Maman Hanifa ta ce Atlanta za mu, wurin ƙawarta. Tafiyar awa bakwai ce a ranar da hanya take lafiya, a daren kuwa babbar hanyar I-75 ta cushe har an buɗe gefen titi motoci na bi, gidajen mai da yawa sun ƙafe, otal babu ɗaki. Na ce mata da muguwar rawa gara ƙin tashi, ba zan je mai ya ƙare mini a daji da yara uku ba. Gaskiyar da ban faɗa mata ba ita ce ina lissafin kuɗi, ina kuma jin nauyin a ce na gudu a banza. Maƙwabcina, wani dattijo da aka haifa a nan, ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Ya ce tun 1921 babbar guguwa ba ta daki Tampa kai tsaye ba. Charley a 2004 an ce nan za ta zo, ta karkata kudu. Ian a 2022 ma haka, ta je ta ragargaza Fort Myers. Har da camfinsu, wai tsofaffin kaburburan mutanen asali na wurin ne ke kare garin. Na yi dariya, amma zuciyata ta so maganar.

Ka san abin da ya karya ni? Hoton nan da ka turo mini ranar 10 ga Satumba, bayan madatsar Alau ta ɓalle, kana cikin ruwa har ƙirji a Gwange, Hajiya a bayan ƙaninka. Maman Hanifa ce ta nemo shi a wayata ta ajiye mini a gaba. Ta ce, "Su cikin dare ya same su suna barci. Kai an ba ka kwana uku, an zana maka taswira, kana neman na huɗu." Ban sami abin cewa ba.

A ƙarshe ba Atlanta muka je ba, ba mu kuma zauna ba. Jami'an nan suna yawan nanata cewa ruwa ake guje wa, iska kuwa a laɓe mata, ba sai an yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba. Wani ɗan'uwa Bazazzagi da muke sallar Juma'a tare yana da gidan bulo a arewacin gari, kan tudu, tafiyar rabin awa. Talata da hantsi muka ɗora abin da za mu iya a kan tebur da saman kabad, muka kwashi fasfo da takardu a leda, da ruwan sha da magunguna da garin kwaki, na kashe wutar gidan daga tushe, muka fita. Iyali uku muka haɗu a gidan, mutum goma sha huɗu.

Laraba da dare, wajen ƙarfe takwas da rabi, ta sauka a Siesta Key kusa da Sarasota, kudu da mu, tana mataki na 3. Ruwan mashigin ya janye, har ana ganin laka a inda jiragen ruwa ke yawo. Amma kada ka ce daren ya yi sauƙi. Iskar ba irin ta farkon damina ba ce da ke bugawa ta lafa. Kuka take yi ba ta numfasawa, awa bayan awa. Muka tara yara a lungun da babu taga, matan suna ta salati, ana jin tiransifoma suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. A St. Petersburg an yi ruwan sama fiye da inci 18, ya haura rabin abin da kuke samu a damina sukutum, rufin babban filin wasansu na Tropicana ya yage. Gidaje da shaguna sama da miliyan 3 suka rasa wuta a jihar. Abin mamaki, unguwannin da ke kusa da inda muka fake, da ba a ce su tashi ba, su ruwan sama ya cika, har da kwalekwale aka fitar da wasu.

Da muka koma gida ranar Juma'a, ko ɗigo bai shiga ba. Katangar katako ta faɗi, reshe ya fasa tagar kicin, naman da ke firiza ya ruɓe. Dattijon yana zaune a ƙofar gida, ya ɗaga mini hannu yana murmushin na-gaya-maka. Na gaishe shi kawai. Mutanen Sarasota da Venice ne suka sha ruwan da aka yi mana hasashe, kuma ba don sun fi mu laifi ba. Lokacin guguwa sai ƙarshen Nuwamba yake fita, saboda haka ledar takardun tana nan bakin ƙofa ban kwance ba.

Yaya gyaran gidan? Bangon ɗakin Hajiya ya bushe kuwa, ko har yanzu tana wurin Yaya Falmata? Ɗan abin da na ce zan turo na siminti zai ɗan yi jinkiri zuwa ƙarshen wata saboda tagar nan, ka yi haƙuri. In Alhaji zai taso a Disamba, a haɗo mini da kuka da yaji, daddawar ma ta kusa ƙarewa.

Ka gaishe da Hajiya da kyau, ka ce mata mun ga addu'a. Hanifa tana gaida Abba.

Naka,
Sabi'u