Jarka biyu a ɗakin ajiya

Sakkwato, 2 ga Mayu, 2024

Bagobiri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da iyayen gidanka Yarbawa. Ka ce ina yi musu godiya da har yanzu ba su gaji da ciyar da kai amala ba.

Na san ka cika ka batse. Wata biyu ke nan da ka ce in leƙa Kwannawa in ga ko magini ya gama katangar filinka, ni kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da farko azumi na fake da shi, sai hidimar Sallah. Yanzu kuwa uzurina ko gaban alƙali aka je sai ya sallame ni: babu mai a garin nan. To, ƙarya nake yi, akwai. Lita 50 cif na nan a ɗakin ajiyar gidana, kuma shi ya hana ni barci yau kwana huɗu. Tsaya ka ji yadda aka yi.

Litinin ɗin makon jiya wani saƙon murya ya shiga wayoyin mutane ta WhatsApp. Ba suna, ba gari, wani ne kawai da murya irin ta masu wa'azin tasha yana rantsuwa cewa kafin Juma'a lita za ta kai dubu, kowa ya yi ta kansa. Kafin a tashi makaranta rabin malamai sun sulale sun tafi neman mai. Ni kuwa, ka san halina, na tsare sauran a ɗakin malamai na ɗauki alli. Na ce musu tankar mai ɗaya lita 33,000 take ɗauka. In kowa ya sha lita 10 kamar yadda ya saba, mota 3,300 za ta samu. In kowa ya ce a cika masa, lita 50, mota 660 kawai za ta samu, sauran 2,640 su kwana a titi suna zagin gwamnati. Na ce rabin wahalar nan mu muke haɗa wa kanmu, mai bai ƙare ba tukuna, tsoro ne ya kwashe shi daga ƙarƙashin gidajen mai ya zuba a tankunanmu. Har tafi aka yi mini. Mai Gemu ya ce da ni ne ministan mai da tuni an huta.

Ranar Talata na bi Titin Maiduguri na ga gidajen mai uku a jere an ja musu igiya an tare ƙofa da durom. Laraba na zaga ta Gidan Man Ada na dawo ta Dandima, inda duk ake sayarwa layi ya miƙe har ba ka ganin ƙarshensa. Na dubi allurar motata, tana tsakiya, rabin tanki. Rabin tankin nan a da sai ya yi mini kwana goma, daga Mabera zuwa makaranta da ɗan cefane. Amma wallahi a ranar gani na yi kamar allurar tana sauka ina kallonta. Alhamis bayan La'asar sai ga malamin lissafi a layi, mota ta 140 da wani abu, an rubuta mini lamba da alli a gilashi. Da alli fa! Allah ya kama ni da makamina.

Ba ka san layin mai na yanzu ba, don rabonka da shi tun kana da gashi a ka. Gari guda ne. Akwai shugaban layi wanda ba wanda ya zaɓe shi, da littafinsa da bironsa. Mai shayi ya kafa tebur, masu fura da masu ruwan leda suna kai da kawo, wani yaro har cajin waya yake yi da ɗan faifan sola. Ba mai tayar da mota in layi ya motsa, sai dai ka sa ta a firi, na bayanka ya taya ka turi, kai ma ka taya na gabanka. 'Yan kabu-kabu nasu layin daban, in ma za a kira shi layi, don ya fi kama da taron ƙudan zuma. Magariba da Isha'i a bakin kwalta muka yi su, limaminmu direban wata tsohuwar Golf, ya yi ta addu'ar Allah ya kawo tanka, muna amin da ƙarfi irin wanda ban taɓa ji a masallacin unguwarmu ba. Can cikin dare kuma sai ka ga wata mai baƙin gilashi ta shigo ta ƙofar fita, an ɗaga mata igiya, ta sha ta wuce. Sai a yi ta ihu na minti biyu, kowa ya koma ya kwanta a kan bonet.

Limamin nan shi ne na gabana, Illela yake lodi. Dattijo ne, shekararsa 30 a hanyar. Shi ya ba ni karatun da babu shi a littafi. Na ce Baba yaya kuke yi da wannan hali? Ya ce, "Malam, mi za mu yi? Wanga abu ba yau munka hwara ganinai ba." Wai yanzu ba ya barin tasha sai mota ta cika maƙil, huɗu a baya, biyu a gaba, wani lokaci har da yaro a but, kuma in bai samu lodin dawowa ba gara ya kwana can. Duk gangara a firi yake sauka. Taya kullum a cike da iska. Kwana ɗaya aiki, kwana ɗaya layi, mai mota kuwa balas ɗinsa yake jira, ba ruwansa da inda ka kwana. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne tun 2019 da kwastan suka hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don kada a tsallaka da shi Ƙwanni, mutumin Illela sai ya yi tafiya kafin ya ga famfo mai zuba. Masu tsallakawar kuwa ba su fasa ba, sun dai ƙara kuɗi. Ga shi an buɗe iyakar a watan Maris bayan rufewar da aka yi tun juyin mulkin Nijar na bara, hanya ta fara rai, sai kuma wannan.

Wani abin da zai ba ka dariya: an hana zuba mai a jarka, to sai mutane suka koma kwance tankin janareta su ɗauko shi a ka. Na ga wani da tankin babur a hammata kamar ya riƙo ɗan akuya, babur ɗin yana gida. 'Yan bumburutu kuwa sun fi kowa dabara. Akwai tsofaffin motocin da an yi musu tanki na biyu a wurin mai walda, ba sa zuwa ko'ina a duniya sai daga layi zuwa lungu, a zuƙe, a dawo layi. Kana fita daga gidan man, taku ashirin, ga man nan a galan an jera a kan benci, lita 4 naira 5,000. Galan ɗin ma an ɗan gasa shi a ruwan zafi ya tsuke. Da can ana cewa suna haɗawa da kananzir, yanzu kananzir ya fi fetur tsada, sai dai ruwa. Bakaniken nan na bayan gidanku, wanda ya cinye maka kafireto, kasuwarsa ta buɗe, babura ne jibge a gabansa suna tari.

Af, kafin in manta. Ciyaman ya yi ta biyu ranar Asabar. Eh, ita dai, wadda ka ce ba za ta yarda ba. Mutumin da ya yi alkawarin mota 20 a ɗaukar amarya, da mota biyu da Keke Napep ɗaya aka kai ta Arkilla, ƙawaye suna ta zumɓura baki. Uwargidansa ta ce wannan wahalar mai ita kam rahama ce. Sarkin Yawo kuma ya jingine motarsa ya sayi keke, yana cewa likita ne ya ce ya motsa jiki. Mun ce wane likita, na gidan mai?

To, ni dai sai bayan sallar Juma'a na kai bakin famfo. Niyyata tun daga gida lita 15. Yaron ya ɗago tiyo ya ce na nawa, sai na ji bakina ya ce, "Cika ta." Ya cika har tana tumbatsa, na ce ya ɗan jijjiga ta ya ƙara. Da na isa gida, maimakon in yi wanka in kwanta, sai na ari tiyo wurin maƙwabci na zuƙe lita 25 na juye a jarkar da Maman yara take ajiye ruwa. Na kurɓi rabona kuwa, yini na yi ina gyatsar fetur, ko kusa da murhu ban yarda na je ba. Asabar da dare na koma layi, a wani gidan man daban don kada shugaban layi ya gane ni. Lahadi na dawo na cika jarka ta biyu. Kuɗin da na ware na fara tarin ragon layya, su na zuba a ciki.

Ka yi lissafin da kanka. Ran 28 ga Mayun bara lita ba ta kai 200 ba. Washegari Tinubu ya tsaya a Dandalin Eagle ya ce tallafi ya tafi, kafin mako ya ƙare ta haura 500, a watan Yuli ta zama 617. Gidajen 'yan kasuwa a nan sun wuce 700 tun kafin wannan rikicin. Tankin lita 50 ko a farashin gwamnati naira 30,850 ne, mafi ƙarancin albashi kuwa 30,000. Ka tuna Janairun 2012, da Jonathan ya mai da ita 141 daga 65, muka tako a ƙasa tun daga Dundaye har cikin gari kana ta kumfar baki kana cewa ƙasa ta ƙare? Da aka dawo da ita 97 har shayi ka saya mana na murna. Yau 97 ko ruwan leda nawa za ta saya?

Abin da ke ba ni haushi, mu ne a ƙarshen layi tun daga tushe. Matatar Kaduna shiru, dafo ɗin Gusau da ake yi mana lodi a da ya zama tarihi. Duk ɗigon da za mu sha sai an sauke shi daga jirgin ruwa a can wajenku, tanka ta ɗauko ta bi Ibadan, Ilori, Jebba, Makwa, Kwantagora, Yawuri, Jega, Tambuwal, sama da kilomita 1,000, ita kanta tana shan dizal mai tsada. In Legas ta yi atishawa kwana ɗaya, mu sai mun yi mako muna mura. Kamfanin mai na ƙasa ya ce matsalar jigila ce kuma an shawo kanta. To, wataƙila an shawo ta a Apapa, ba ta dai iso Kwannawa ba. Ita kuma matatar Ɗangote da ke maƙwabtaka da kai, wadda Buhari ya ƙaddamar a Mayun bara, mun ji dizal ya fara fita. Fetur fa? Ko kai ma a rediyo kake ji kamar mu, duk da cika bakin da kake yi cewa kana Legas?

Yanzu ga inda nake. Ka san zafin Sakkwato a wannan wata, sama da 40 kullum, ga ɗakin ajiyar rufin kwano ne ba silin. Da azahar jarkokin nan kumbura suke yi kamar cikin wanda ya sha fura ya ƙoshi, in na sassauta murfi sai su yi tsaki. Gidan duk wari. Na hana kunna gawayi a tsakar gida, na hana turaren wuta, na hana maganin sauro, na kwashe ashana na ɓoye a aljihu. Maman yara ta ce in zaɓa, ko ita ko jarka, kuma ta kwashe yaran sun koma kwana a ɗakin da ke bakin zaure. Ni ke nan a tabarma ƙofar ɗakin ajiya da bokitin yashi, in an kawo wuta cikin dare gabana ya faɗi, in an ɗauke in ce alhamdu lillahi. Yaushe rabon da ka ji ɗan Najeriya yana godiya don an ɗauke wuta?

Kuma asiri ya tonu. Autana ne ya je makarantar allo ya ba da labari cewa babansu ya buɗe gidan mai. Shekaranjiya surukina ya aiko a sammasa galan ɗaya, ka san ba a cewa a'a, ba kuma a karɓar kuɗi. Liman ya aiko saboda janaretan masallaci. Jiya da tsakar dare maƙwabcina mai Keke ya buga ƙofa, matarsa na naƙuda, tankinsa ƙaf. An samu mace, suna ranar Laraba. Na dai ce lita 50 a farkon takardar nan don kada girmana ya zube, amma in gaskiya za a bi jarka ɗaya ta kusa rabi, kuma ko sisi ban gani ba. Mai Gemu ya samu labari, jiya ina shiga ɗakin malamai na tarar an rubuta a allo: 33,000 a raba da 50, a cire jarka biyu. Har ɗalibai sun fara kirana Sarkin Bumburutu a bayan ido.

Don Allah ka leƙa gidajen man Agege ka gaya mini gaskiya, layi ya fara raguwa? In ya ragu a wurinku, na san nan da mako zai iso mu, sai in juye abin nan a mota in samu in yi barci, in kuma lallashi mutuniyar. In bai ragu ba ka yi shiru, kada ka ce komai, don na san kaina, wata jarkar zan nema. Kuma ka tambayar mini kuɗin rago a can, ko da yake ban san da me zan saya ba.

Hajiya tana lafiya, na gan ta ranar sunan gidan Kawu, ta ce ka rage ƙiba a hoto, ko ba sa ba ka tuwo ne. Ka gai da Madam da yara.

Bari in tsaya nan, ana sallama a zaure, kuma na ji ƙarar galan.

Naka,
Malamin lissafi